Kun Tambaya Mun Amsa: Sabon furosesa zai zauna lafiya da tsohuwar fanka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni aikin haɗa bidiyon biki da talla nake yi a Kano, kwamfutar tebur gare ni mai furosesa Core i5-12400 da 'yar fankar sanyaya shi ɗin nan da ta zo cikin kwalinsa. To yanzu aiki ya fara yi mata yawa, shi ne wani abokina ya ce in sayi i7-14700K tunda soket ɗinsu ɗaya, cirewa kawai zan yi in ɗora sabon. Matsalar kuɗin nawa duk a furosesan za su ƙare, ko tsohuwar fankar za ta iya riƙe shi ko da na 'yan watanni ne kafin in samu hali? Shagon babu AC, fankar sama ce kawai. Daga wani mai karatu, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, amin summa amin. Don Allah kar ka yi haka, fankar nan ba za ta iya ba, ko na sati ɗaya ban ba ka shawara ba.

Abokinka ya yi gaskiya a batun soket, wato ramin da furosesa ke zama a jikin madabod (babban faifan da kayan kwamfuta ke haɗuwa a kai), LGA1700 ne duka, ƙarni na 12 (irin naka) da na 13 da na 14 (irin 14700K) duk a kansa suke zama, sai dai ka sabunta BIOS, wato manhajar madabod da ke tada kwamfuta, tun tsohon furosesan yana ciki kafin ka cire shi, in ba haka ba madabod ɗin na iya ƙin gane sabon ka kunna ka ga baƙin allo. Amma shiga rami ɗaya daban, zafi daban. Naka na yanzu kwakwalwa 6 gare shi, wato sassan da ke raba aiki a cikin furosesa, in ya ƙure wat 117 yake ci. Shi kuwa 14700K da ya fito a Oktoban 2023 kwakwalwa 20 ne da shi, 8 manya 12 ƙanana, kuma in ka duba takardarsa za ka ga an rubuta wat 125, wanda nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, su ɗauka ai kusan ɗaya ne. Wat 125 ɗin nan na ƙasa ne. Akwai lamba ta biyu wadda ita ce ta shafe ka, wat 253, ita yake kaiwa in ka danna masa aiki mai nauyi, kuma fitar da bidiyo yana daga cikin ayyukan da ke tada dukkan kwakwalen lokaci guda na tsawon mintuna. Wutar da furosesa ya ci kuma kusan duk zafi take komawa. Kamar ka saka injin tirela ne ka bar masa lagireton Keke Napep.

Shi ya sa ma Intel ba sa saka fanka a kwalin duk mai K a ƙarshen sunansa, sun san 'yar ƙaramar ba aikinta ba ne.

Kuma ka sani ƙarni na 14 ba sabon gini ba ne, ƙarni na 13 ne aka sake yi wa kwaskwarima aka ɗan ƙara masa gudu. 13700K na ƙarni na 13 yana kai 5.4GHz da kwakwalwa 16, shi 14700K 5.6GHz da ƙarin ƙanana 4, fasahar ƙera su kuma ɗaya ce. To ƙarin aikin nan ba daga sama ya faɗo ba, a zafi ake biyansa. Mutane na ɗauka duk abin da ya fi sabunta ya fi sanyi, wani lokaci haka ne, amma ba a nan ba.

Abin da zai faru in ka ɗora tsohuwar fankar ba wai zai kama da wuta ba ne, yana da kariya. Cikin 'yan daƙiƙu zai kai digiri 100, daga nan sai ya riƙa rage gudun kansa don ya tsira, fankar tana ta ihu kamar za ta tashi, kai kuma ka biya kuɗin i7 ba ka samun cikakken aikinsa. Ga kuma abin da ya fi damuna, shagon naka. Turawan da ke gwada waɗannan kaya a YouTube a ɗaki mai sanyi suke, digiri 20 da 'yan kai, kai kuwa a watan Afrilu da rana tsaka garin ya wuce 40, kuma fanka ba ƙanƙara take yi ba, iskar ɗakin take ja ta hura wa ƙarfen da ke ɗauke zafin furosesa. Duk digirin da ɗaki ya ƙaru kusan haka zafin furosesa zai ƙaru. Don haka in ka ga wani ya nuna 85 a bidiyonsa, kai naka ya riga ya bugi silin, wato digiri 100.

Me za ka saya? In ta iska ce, ka nemi mai hasumiya biyu da fanka biyu irin Thermalright Peerless Assassin 120 wadda kuɗinta da sauƙi, ko Noctua NH-D15 in aljihu ya yarda, amma ka fara auna faɗin kes ɗinka don ita Noctua tsawonta milimita 165 ne, kes da yawa murfinsu ba ya rufuwa a kanta, kuma ka tabbatar da akwai ƙarafan ɗaurin LGA1700 a kwalin. Mai ruwa ta milimita 360 ta fi ƙarfi, ba musu, sai dai ni a wajenmu na fi natsuwa da ta iska, saboda in famfon mai ruwa ya mutu shi ke nan sai sabuwa, ita kuwa ta iska fanka ɗaya za ka canja, kuma in ƙurar hunturu ta cika ta bulowa kawai za ka sa.

Ko wacce ka saya, ka shiga BIOS ka nemi PL1 da PL2, wato iyakokin wutar da furosesa zai ci, ka rage su, misali wat 180 ko 200. Saurin da za ka rasa kaɗan ne, zafin da zai sauka kuma da yawa, inbatarka ma za ta ji sauƙi. Ka duba sosai don wasu madabod suna zuwa a buɗe babu iyaka ko kaɗan. Sannan in madabod ɗinka H610 ne mai arha, su kansu kayan da ke ba furosesa wuta a jikinsa za su wahala, ka haɗa wannan cikin lissafi.

Akwai wata magana da dole in faɗa maka. A 2024 Intel sun amsa cewa wasu furosesan ƙarni na 13 da 14 suna neman boltej fiye da kima har su lalace a hankali, suka fitar da gyara ta BIOS, 0x12B a watan Satumba, suka kuma ƙara shekara 2 a garanti. Fanka komai girmanta ba ta maganin wannan, BIOS ne, kuma wanda ya riga ya taɓu ba ya dawowa. To ka yi hattara da tokumbo, musamman in mai sayarwa ya ƙi yarda a gwada.

Da ni ne kuɗin bai kai ba, i5-14600K zan ɗauka, kwakwalwa 14, iyakarsa wat 181, ragowar kuɗin in sa a fanka mai kyau da sabon man shafawa da ake sawa tsakanin furosesa da ƙarfen fanka. Wallahi zai fi 14700K da ke shaƙe da zafi yi maka aiki. Wajen ɗaurawa kar ka manta ka ɓare ledar da ke manne a ƙasan ƙarfen, man kuma kamar ƙwayar wake ya isa. In ka gama ka buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin furosesa, ka saka bidiyo mai tsawo ya fita da rana tsaka, in zafin yana tsayawa ƙasa da 90 ka ci gaba da aikinka, in yana taɓa 100 ka koma ka ƙara rage PL2.