Ƙaramar bindigar aljihu a Amurka: wacce ta fi?

Ɗan'uwa, ka ce kana Houston, kana neman wadda za ta shige aljihu ba a gane ba.

Ni Ruger LCP nake ɗauka: tana cin harsashi 6 na .380 (lambar girman harsashin ke nan), nauyinta in babu harsashi bai kai giram 300 ba. Amma tana dukan hannu ƙwarai, kafin na yi harbi 20 tafina ya yi ja. SIG P365 ta fi daɗin riƙo, tana cin 10, sai dai tana kumbura aljihun wando.

Kada ka kuskura ka jefa ta aljihu babu kuben da ya rufe kunamarta, balle tare da makullai.

Duba takardunka tukuna: dokar tarayya ta hana yawancin masu bizar karatu ko ziyara mallakar bindiga. Tuntuɓi lauya, sannan ka nemi ƙwararren mai koyar da harbi.