Ga ƙanina mai shirin zuwa Dabilin yin mastas

Wa alaikumus salam ƙanina, na ga saƙonka. Ka ce ka samu admishan na mastas a fannin tarihi nan Dabilin, babban birnin Ayilan, kana so ka yi kundinka a kan ma'aikatan gwamnatin da aka dakatar bayan boren da 'yan Ayilan suka yi wa mulkin Ingila a 1916, amma abokai na ta ce maka wai me ya haɗa Bahaushe da tarihin Ayilan. Ni dai shawarata kar ka saki batun nan wallahi.

Boren kansa kowa a garin nan zai ba ka labarinsa, ranar Litinin ɗin Ista 24 ga Afrilu 'yan boren suka kama babban gidan waya na Dabilin, kwana shida suka miƙa wuya, sojan Ingila suka harbe mutum 15 a watan Mayu, aka kama sama da 3,000, wajen 1,800 aka kwashe zuwa sansanin Frongoch a Wales. Amma akawun ofis da ma'aikatan gidan waya ba a cika tuna su ba. Lokacin ƙasar na hannun Ingila ne, kuma ƙananan ma'aikata yawanci 'yan ƙasa ne, wasunsu da rana suna kan tebur suna wa Sarkin Ingila aiki da yamma suna atisaye da Irish Volunteers, ƙungiyar 'yan sa-kai masu makami da ta yi boren. Da ƙura ta lafa sai aka ce ma'aikata su rubuto inda suke a satin nan, wanda aka yi zargi aka dakatar da shi, sannan aka naɗa mutum biyu, Guy Fleetwood Wilson da William Byrne, su duba su ɗaya bayan ɗaya. Ba kotu ba ce fa. Wasu aka kore su wasu aka maida su bakin aiki, kuma abin da ke taɓa min rai shi ne mutum yana da iyali, abincinsa ya rataya kan abin da mutum biyu suka fahimta daga bakinsa da rahoton 'yan sanda. A 1918 kuma aka zo da rantsuwar biyayya ga sarki, Diarmuid O'Hegarty na ma'aikatar gona ya ƙi yi aka sallame shi, a 1922 da Ayilan ta samu mulkin kanta shi ne ya zama sakataren majalisar ministocin sabuwar ƙasar.

Kai da ka yi aikin gwamnati ka san kwiri, ka san yadda gida ke komawa in aka dakatar da mutum ana ta cewa ana bincike, to wannan idon da shi za ka karanta fayilolin nan, yaran da za ku zauna aji ɗaya yawancinsu ba su taɓa ganin haka ba.

Kar ka jira sai ka sauka. Bayanan shaidu guda 1,773 na Bureau of Military History, ofishin da ya tattara labarin waɗanda suka yi gwagwarmayar 'yancin Ayilan, suna intanet kyauta, haka fayilolin fansho na waɗanda suka yi boren, fara karantawa tun daga gida don mastas ɗin nan shekara ɗaya ce kuma gudu take. Wasu takardun suna National Archives, ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, a Bishop Street nan Dabilin, wasu kuma suna Kew a Landan, nan ne ake shan mamaki, bizar Ayilan ba ta shigar da kai Ingila, ko Belfast da ke Ayilan ta Arewa, ɓangaren da ke ƙarƙashin Birtaniya, ba za ka je da ita ba, sai ka nemi wata daban, saka kuɗinta a lissafi.

Sai maganar aljihu. Ɗalibi awa 20 aka yarda ya yi aiki a sati lokacin karatu, 40 a hutu, kuma hayar ɗaki a Dabilin za ta iya cinye wannan gaba ɗaya, don haka kar ka taho da tunanin aiki zai biya maka kuɗin makaranta. Nemi ɗaki tun yanzu ta ofishin masauki na jami'ar, kar ka tura wa kowa kuɗin ajiya a kan ɗakin da ba wanda ya gano maka da ido. Turo min ranar da za ku fara, in duba maka ta nan ɓangaren. Allah ya ba da sa'a, ka gaida su Baba.