Batun zuƙe wa jinjiri majina

Wa alaikumussalam ɗiyata, ya jego, ya ɗan angon nawa? Na ga saƙonki, kin ce hunturun nan ya toshe masa hanci, surukarki ta ce ki sa baki ki zuƙe ke kuma kin kasa, ga robar zuƙe majina da kika sayo a kemis tana ajiye, wai dole ne sai an yi da baki?

Toh gaskiya ta faɗa miki, haka muka taso muka gani, ni kaina da baki na zuƙe wa yayyenki in tofar in kuskure, don jinjiri da hanci yake numfashi, in ya toshe sai ki ga ya kama nono ya saki ya kama ya saki yana ta kuka, wace uwa ce za ta iya zuba ido. Amma ba dole ba ne, a lokacin ba mu da wata dabara ne, kuma in kina mura ko lebenki ya fashe da ƙuraje kina iya shafa masa.

Robar nan ki fara ɗiga masa ruwan gishirin hanci na kemis, ɗigo 2 kowane gefe, majinar ta yi laushi. Ki matse robar TUN a waje, sannan ki sa bakinta a ƙofar hanci kawai, ki saki a hankali, ki fesar a tsumma. Ki yi masa kafin ya sha nono, in ya ƙoshi yana iya yin amai. Kar ya wuce sau 3 zuwa 4 a yini, hancin kumbura yake.

Wankin robar ne inda 'yan matan yanzu kuke sakaci. Na taɓa yanka wata da aka ajiye a gidan nan, wallahi cikinta baƙar fumfuna ce, sai da tsigar jikina ta tashi. Duk amfani ɗaya ki zuƙi ruwan ɗumi mai sabulu da ita ki girgiza ki fesar, ki maimaita da ruwa zalla har kumfa ta ƙare, ki kifa bakinta ƙasa a kofi ta tsane. Ba a aronta.

Man zafi kuma dan Allah kar a shafa masa a hanci. In jikinsa ya yi zafi tunda bai kai wata 3 ba, ko haƙarƙarinsa na loɓawa, ko ya ƙi nono, asibiti a take.

Surukarki kuwa banda musu, ki miƙa mata robar ki ce Hajiya gwada mana, ki gaishe min da ita.