Amsar Baffa Kan Al'adar Barin Ƙasa Ta Huta

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce al'adar mutanen da ta barin gona ta huta, da hana sare wasu itatuwa, da daina su lokacin da kifi ke ƙwai, duk camfi ne da ke riƙe wa ƙasashe masu tasowa ƙafa. Na ji daɗin tambayar, amma ban yarda da kai ba.

Kusan duk inda aka yi noma ko su a duniya za ka tarar da irin wannan hani. Mutanen nan sun ga ƙasa tana gajiya, sun ga wanda ya kwashe kifi da ƙwansa bana ba ya samun na baɗi. A Indiya, cikin 1730, mutanen Bishnoi 363 suka yarda a kashe su a ƙauyen Khejarli, ba su bari an sare itatuwansu ba. A bakin hamada suke zaune, sun san abin da itace ke tarewa.

To, dubi abin da ya sami Tekun Aral, da ke tsakanin Kazakistan da Uzbekistan. A 1960 shi ne tafki na huɗu a girma a duniya, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 68,000. Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan Amu Darya da Syr Darya zuwa gonakin auduga. Auduga ta yi albarka, kuɗi ya shigo, aka ce an ci gaba. Yau a garin Moynaq na Uzbekistan jiragen masunta suna kwance kan yashi, tsatsa na cin su, iska kuma tana kwaso ƙurar gishiri da maganin ƙwari tana zuba wa yara a ƙirji. Wanda ya ci ribar audugar daban, wanda yake tarin daban. Wannan ne ke hana ni barci, ɗana. Haka a Indunusiya cikin 2015, wutar da aka sa don share filin shuka ta turnuƙe sama da hayaƙi har Singafo da Malesiya.

Kada ka ɗauka ina ƙin hanya da asibiti da wutar lantarki. Talauci ma yana kashewa, kuma jama'a ta yi yawa, manomi mai gona guda ba zai iya barin ta shekara biyar ba. Ba sai an komo da al'adar yadda take ba. Amma tambayar da ke cikinta ita masu gina madatsa da haƙar ma'adinai ke tsallakewa: idan an ɗiba, me zai saura, kuma wa zai biya?

A 2005 Kazakistan ta kammala madatsar Kok-Aral, ruwa ya ɗan komo ɓangaren arewa na Tekun Aral, kifi ma ya komo. Ɓangaren kudu kuwa har yanzu ƙafewa yake yi.

Ka gaishe min da mahaifiyarka.