Ruwa ya zubo daga sashen maƙwabcina na sama, wa zai biya gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da sashe a wani dogon bene da kowa ya sayi nasa. Na dawo daga tafiya na tarar silin ɗakina ya jiƙe ya rufto, katifa da kabad sun lalace. Daga banɗakin maƙwabcina na sama ruwan ya fito, amma ya ce ba ruwansa, in je wurin kamfanin inshorata. Ba shi ya kamata ya biya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya kiyaye gaba. Na san abin da zan faɗa ba zai yi miki daɗi ba: fitowar ruwa daga sashensa ba ita kaɗai ke ɗora masa diyya ba.

Abin da za a fara tantancewa shi ne bututun waye ya fashe. A irin wannan gini, mutum ya mallaki cikin sashensa ne, amma rufin bene, bangon waje da manyan bututun da ke ratsa hawa-hawa na kowa da kowa ne, ƙungiyar masu gidajen ce ke kula da su. Idan babban bututu ne ya tsage a cikin bango, maƙwabcinki shi ma abin ya same shi ne, ƙungiya za ki tunkara. Inda iyakar take kuwa yana rubuce a takardun mallaka da ƙa'idojin ginin, waɗanda galibi ake sa wa hannu ranar saye a jefa su a durowa. Ki ɗauko naki.

Idan bututun nasa ne, sai maganar sakaci, kuma a nan ne rigimar take. A yawancin dokoki sai an nuna ya yi sake kafin a ce ya biya. Wanda ya bar famfo a buɗe har baho ya cika ya tumbatsa, ko ya ga masai yana ɗiga wata da watanni bai kira mai gyara ba, ko aka gargaɗe shi kan tsohuwar hitar ruwa ya yi kunnen uwar shegu, wannan ya yi sakaci. Amma bututun da ya fashe dare ɗaya a ƙarƙashin tayil, ba wata alama, da wuya a kama shi da laifi. Sai dai wasu gine-ginen sun rubuta a ƙa'idojinsu cewa duk sashen da ruwa ya fito daga cikinsa zai ɗauki wani kaso, da sakaci ko babu.

Shawarar da maƙwabcinki ya ba ki ta zuwa kamfanin inshorarki, duk da a fusace ya faɗa, ba ta banza ba ce. Inshorar ƙungiya takan tsaya ne a kan ginin. Kayan ɗaki irin katifa da kabad inshorarki ce ke biya, wadda a Amurka ake kira HO-6. Kamfanin zai biya ki, ya cire kason da yarjejeniya ta bar miki, sannan shi da kansa ya bi maƙwabcin ko kamfaninsa idan an samu sakaci. Kin huta da sa-in-sa a matattakala.

Kada ki ɓata lokaci. A Faransa, misali, kwana 5 na aiki ne wa'adin da aka saba bayarwa don sanar da kamfanin inshora. Ki ɗauki hotuna kafin a taɓa komai, ki sanar da ƙungiya da maƙwabcin a rubuce, ki sa mai gyaran famfo ya rubuta ainihin inda ruwan ya fito da dalilinsa, domin wannan takardar ce hujjarki. Ki kuma busar da ɗakin yanzu: fumfuna kan fara kama bango cikin awa 24 zuwa 48, kuma ɓarnar da ta ƙaru saboda jinkirinki ana iya ƙin biyan ta.