"Gani Ya Kori Ji": Shin Ya Kori Imani Ma?

Tambayoyin wannan makon daga Ikko suka fito, kuma duk a gaɓa ɗaya suka faɗa, shi ya sa na haɗa su.

Ta farko daga wani ɗalibi ce, ɗan Zariya da ke karatun kimiyya a Jami'ar Legas da ke Akoka. Ya ce gardama ta kaure a ɗakinsu. Abokinsa ya ce shi ba ya yarda da abin da ba a gwada ba, har ya kafa hujja da karin maganarmu. Ɗalibin ya rubuto: "Malam, tunda Bahaushe da bakinsa ya ce gani ya kori ji, yaya za mu ce mun yi imani da Allah alhali ji muka yi? Shin hankali da hujja kaɗai za su iya ɗaukar imani?"

Ɗana, abokinka ya kai karin maganar inda ba a yi ta domin wurin ba. Ana cewa gani ya kori ji a kan abin da ido zai iya kaiwa, an ba ka labarinsa, kai kuma ka je ka duba. Sharaɗinta ke nan, abin ya kasance mai ganuwa. Kuma Bahaushen da ya faɗi wannan shi ne dai ya ce hankali ke gani, ido gululu ne. Gululu shi ne ɗan dunƙulen yumɓun da ake sa wa mazari don ya yi nauyi wajen kaɗi. Wato idon da ba hankali a bayansa, ƙwallo ne kawai a fuska. Karin magana ba doka ba ce, kusan kowacce tana da kishiya, kuma mai gardama yakan ɗauko wadda ta yi masa daɗi ya ɓoye 'yar'uwarta.

To mu dubi hankalin nan. Masana harshe sun mayar da kalmar ga Larabci, aƙl. Ba mu kaɗai muka ara ba: Fulani na cewa hakkillo, mutanen gabashin Afirka masu Suwahili na cewa akili, maƙwabtanku Yarbawa kuma laakaye. A Larabci tushen kalmar ɗaya ne da iƙal, igiyar da ake yi wa raƙumi dabaibayi. Hankali ke nan abin da ke ɗaure mutum kada ya bazama. Hadisin nan da Tirmizi ya ruwaito, inda Annabi (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah, da wannan tushen aka faɗe shi. A jimla guda aka jera ɗauri da dogaro, ba a ce ɗaya ya kori ɗaya ba.

Kalmar da ta fi dacewa da tambayarka ita ce dalili. Yau muna amfani da ita da ma'anar sanadi, "mene ne dalilin zuwanka?" Amma asalinta mai nuna hanya, jagora. Har yanzu wannan ma'anar na raye a bakinmu idan muka ce "ta dalilinsa na sami aiki". Daga tushe guda ta fito da dillali. Ka je kasuwar Mile 12 da asuba lokacin da motocin tumatir da albasa ke sauke kaya daga Arewa, ka ga aikin dillali. Zai kai ka gaban kaya, ya buɗe maka kwando, ya gaya maka daga inda aka ɗauko, ya haɗa ka da mai shi. Idan ba shi, sai ka yi ta yawo ko a cuce ka. Amma "na saya" daga bakinka za ta fito, ba daga nasa ba. Aikin dalili a sha'anin imani ke nan, kuma iyakarsa ke nan.

Kada ka ɗauka malamanmu sun raina dalili. Tauhidin da aka daɗe ana karantarwa a zaurukan ƙasar Hausa, wanda ya biyo hanyar Shaihu Sanusi na Tilimsan ta ƙasar Aljeriya, da ya rasu a 1490, da hukuncin hankali yake farawa kafin a ambaci komai. Sai ɗalibi ya san wajibi, abin da hankali ba ya karɓar rashinsa. Da mustahili, abin da hankali ba ya karɓar samuwarsa. Da ja'izi, abin da zai iya kasancewa ko ya ƙi kasancewa. Daga nan ake gina hujja: duniya tana sauyawa, mai sauyawa fararre ne, fararre kuwa sai da wanda ya fare shi. Alƙur'ani kansa ya yi ta tambaya, ashe ba ku hankalta? Saboda haka wanda ya ce maka addini ya hana tunani, bai zauna gaban malami ba.

Sai dai an taɓa wuce gona da iri a nan ƙasar. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rayu daga 1754 zuwa 1817, akwai wasu masu ilimin kalam, wato kafa wa aƙida hujja da hankali, da ke tare talakawa suna yi musu tambayoyin tauhidi. Wanda ya kasa jero hujjoji yadda suke a littafi, sai su ce ba Musulmi ba ne. Shehu ya yi rubuce-rubuce da dama yana yi musu raddi, yana cewa imanin gama-garin mutane ingantacce ne ko ba su iya tsara hujja irin ta malamai ba. Ni a ganina nan amsar tambayarka take. Da hujja kaɗai ce ke ɗaukar imani, da wanda ya fi iya muhawara shi ne ya fi kowa imani, da kuma kakarka da ke tashi tsakar dare tana salla ta zama ta baya. Kowa ya san ba haka ba ne. Iblis ma bai taɓa musun akwai Allah ba. Sani bai rasa ba, miƙa wuya ya ƙi.

Batun gwaji kuwa gajere ne. Na'urar ɗakin bincike tana auna abin da ke da nauyi, tsawo da lokaci, wato abin da ke cikin halitta. Muminai ba su taɓa cewa Allah yana cikin wannan jerin ba, shi ya sa farkon Suratul Baƙara ya siffanta su da masu imani da gaibu. Abokinka na da damar ya ce hujjojin ba su gamsar da shi ba, masu ilimi sun daɗe suna ja-in-ja a kansu. Abin da ba shi da dama shi ne ya jingina wa Bahaushe maganar da bai yi ba.

Tambaya ta biyu daga wani Alhaji ce mai harkar shanu a Agege. Ya ce: "Me ya sa muke ce wa azzalumi ba shi da imani, ko da sahun farko yake salla?"

Alhaji, Allah ya ƙara arziki, ka taɓo wuri mai daɗi. Imani, amana, aminci, amini da amincewa duk 'yan ɗaki ɗaya ne a Larabci, tushensu natsuwa da rashin tsoron cuta. Da kalmar ta shigo Hausa sai muka ƙara mata ma'anar tausayi. Direban da ya buge mutum a hanyar Ikorodu ya tsere, ba wanda zai tsaya tambayar aƙidarsa, cewa za a yi "wannan ba shi da imani". Ba kafirta shi aka yi ba, a kula. Ana nufin abin da yake faɗa da baki bai sauko hannunsa ba. Kuma ba mu ƙirƙiro wannan daga iska ba, don malaman Malikiyya da muke karantawa sun ce imani furuci ne da harshe, da ikhlasi a zuciya, da aiki da gaɓoɓi, yana ƙaruwa yana raguwa. Ka lura, ba a taɓa jin an ce wa azzalumi "ba shi da hujja" da wannan ma'anar ba.

Ta ƙarshe daga wata 'yar'uwa ce Kirista, 'yar Kudancin Kaduna da ke zaune a Obalende. Tana son sanin ko bangaskiya da suke faɗa a coci daidai take da imani.

'Yar'uwa, a ma'ana suna kusa ƙwarai, amma bangaskiya ginin Hausa ce tsantsa. Ban nan na "ba da" ne, irin na ban kwana, ban haƙuri, ban girma da ban hannu. Bangaskiya ke nan ba da gaskiya, ka miƙa wa wani yardarka. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga cikakkensa a 1932, da ita yake amfani, kuma a wasiƙar Ibraniyawa sura ta 11 an bayyana ta da tabbacin abubuwan da ba a gani. Ba kalmar coci kaɗai ba ce, don Musulmi ma yakan ce "na ba da gaskiya da Allah da Manzonsa". Sai dai ba a ce wa mara tausayi "ba shi da bangaskiya", wannan ma'anar imani kaɗai ta ɗauka.