Layukan da ke kan taswirar duwatsun Abzin

Tambaya: Malam, na ga wata taswira ta yankin Agadas cike da siraran layuka masu ruwan ƙasa, wasu a cunkushe, wasu a warwatse. Me suke nufi, kuma matafiyi zai iya dogara da ita a hamada? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malam, layukan tsayin ƙasa ke nan. Kowane layi yana bi ta wuraren da tsayinsu daga matakin teku yake daidai da juna, saboda haka inda suka cunkushe gangara ce mai tsanani, inda suka warwatse kuwa shimfiɗaɗɗen fili ne. Idan ka dubi duwatsun Bagzan da ke cikin Abzin za ka ga layukan sun taru kamar zaren saƙa, domin can ne ƙololuwar da ta fi ko'ina tsayi a Nijar take, mai mita 2,022. Yawancin irin waɗannan taswirori hukumar taswira ta Faransa, IGN, ce ta zana su a ma'aunin 1:200,000, wato santimita ɗaya a takarda kilomita biyu ce a ƙasa.

Batun dogara kuwa, a nan nake so ka yi hattara. Dutse da kwari ba sa gusawa, amma tudun rairayi iska tana tura shi, rijiyar da aka rubuta shekaru hamsin da suka wuce kuma tana iya kafewa. Bishiyar Tenere ma, wadda ayarin gishirin Bilma suka daɗe suna alama da ita, mota ta kayar da ita a 1973, alhali tana nan a tsofaffin taswirori. A ganina, ka riƙe taswirarka, amma ka nemi ɗan jagora da ya san rijiyoyin bana.